Ku Tambaya Mu Amsa: Wai yaya ake auna ramukan da ido baya gani a jikin bulo da tukwane?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon tambayoyi huɗu na ware saboda duk jirgi ɗaya ya kwaso su, maganar abubuwa masu shan ruwa ce, irinsu jan bulo da bulon siminti da randa. Ta farkon zata ja mu da nisa dan haka a yi haƙuri da tsawonta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ajin ƙarshe, furojek ɗina akan jan bulo ne da muka gasa daga yumɓun garinmu. Malamin da ke duba aikina yace in auno forositi da densiti. Na auna nauyin gutsuren bulon, na jefa shi cikin silinda mai ruwa na duba inda ruwan ya hau, densiti ya bani wajen 2.3. Sannan na jiƙa shi minti talatin na sake aunawa, forositi bai kai kashi 15 ba. Abokina da muka gasa tare a murhu ɗaya ya samu 1.8 da kashi 27. Dan Allah waye yayi daidai a cikinmu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanena, gaskiya ɗaya ce, abokinka ya fi ka kusa da daidai, amma kar ranka ya ɓaci dan kuskuren da kayi kusan kowa da shi yake farawa, kuma gyaransa baya buƙatar wani inji mai tsada.

Bari mu fara daga kasuwa. Ka cika mudu da gyaɗa har ta yi tozo, mai awo zai ce maka mudu ya cika, toh amma ka zuba ruwa a kai ka gani, zai shanye kofi guda ko fiye bai zubo ba. Wancan wurin da ruwan ya shiga shine kafofin, kuma idan ka raba girman kafofin da girman mudun gaba ɗaya ka ninka da ɗari, abun da ya fito shine forositi. Densiti kuma nauyin abu ne a raba da girman wurin da ya cinye. Matsalar duk tana cikin kalmar nan ta "girman wuri", saboda bulo guda yana da girma har kala uku: akwai girmansa daga waje da kafofin da komai, akwai girmansa idan ka cire kafofin da ruwa zai iya shiga, akwai kuma girman zallar yumɓun idan ka cire har da kafofin da suke a toshe ciki babu hanyar shiga. Kowanne da densitin da zai baka. Wanda malaminka yake nema kusan tabbas na farkon ne, wato densitin dunƙule.

Kai da ka jefa busasshen bulo a silinda, bulon sai ya hau shan ruwan da kake son ka auna da shi, ruwan bai hau yadda ya kamata ba, girman ya fito ƙarami, densiti ya haura. Lambar da ka samu ba ta farko bace ba ta biyu bace, tana rataye a tsakiya. Ga shi kuma layukan jikin silinda basu da kaifin da za'a dogara da su a irin wannan aikin. Jiƙon minti talatin ɗin ma bai isa komai ba, iska tana nan maƙale a can ciki ta hana ruwa shiga, ka tuna yadda kwalba take yi in ka dulmiya ta a kife.

Hanyar da ake bi ta awo uku ce, kuma tushenta tun daga Arkimidis ne, mutumin Sirakus ta tsibirin Sisili da ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ya gano cewa duk abun da aka nutsar a ruwa yana rage nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Kuma ina jin daɗin tunawa ɗalibai cewa malaman Musulunci sun yi aiki sosai a wannan fagen, Albiruni da aka haifa a 973 ya ƙera wani tulu mai bututu a wuya yana tara ruwan da ya malalo yana aunawa, da shi ya fitar da densitin zinare da azurfa da duwatsu masu daraja, lambobinsa kuma sun yi kusa ƙwarai da namu na yau.

Awo na farko, busasshe. Ka goge gutsuren da burushi duk wani ɓurɓushi ya fita tun yanzu, dan in ya bari sai cikin ruwa zai zube toh lissafinka ya lalace. Ka sa a obin a zafin digiri 105 zuwa 110, ka barshi ya kwana, ka fitar ka sa a desiketa, wato rufaffen mazubin da ke hana danshin iska shiga, ya huce, ka auna, ka mayar obin na wasu awanni ka sake aunawa. Sai awo biyu a jere sun zo ɗaya sannan zaka ce ya bushe. In an ɗauke wuta cikin dare obin ya mutu, kar ka yaudari kanka da cewa ai ya kwana, sake lissafin lokaci zaka yi. Kuma kar ka ɗora abu mai zafi akan sikeli, iskar zafin da ke tashi daga jikinsa tana wasa da lambar. Da damina in ka bar shi a fili ya huce danshi zai sake zuƙa daga iska, da hunturu abun da sauƙi amma duk da haka desiketan ya fi. Wannan nauyin mu kira shi B.

Sai cika shi da ruwa, nan ne aikin yake. Ƙa'idar Amurka ta ASTM C20 wadda ake bi wa bulon da ke jure wuta tace a tafasa shi cikin ruwa awa 2, ruwan ya rufe shi ruf kuma kar ya zauna a gindin tukunya, a ɗora shi akan 'yar raga, bayan nan a barshi ya huce a cikin ruwan aƙalla awa 12. Tafasar ce take kumbura iskar ciki ta kore ta, lokacin hucewa kuma ruwa ya bi ya maye gurbinta, shi yasa wanda ya tsame shi da zafi ya zubar da rabin wahalarsa. In lab ɗinku akwai famfon zuƙe iska ya fi ma kyau, a zuƙe iskar tukunna sannan a saki ruwan a kai.

Awo na biyu, a rataye cikin ruwa. Ka ɗaure shi da siririyar waya ko zaren leda, ka rataya a ƙugiyar ƙasan sikeli ya nutse gaba ɗaya, kar ya taɓa gefe kar ya taɓa ƙasa, in kaga ƙananan kumfa a jikinsa ka kaɗa su su tashi. Kafin nan ka fara rataya wayar ita kaɗai a ruwan daidai zurfin da zata tsaya ka mayar da sikeli sifili. Nauyin bulon a rataye cikin ruwan shine R. In sikelinku bashi da ƙugiya akwai dabara: ɗora kofin ruwan akan sikelin, mayar sifili, ka riƙe jiƙaƙƙen bulon da zare daga sama ka nutsar bai taɓa ƙasa ba, lambar da sikelin ya nuna a giram ita ce girman bulon kai tsaye.

Awo na uku, jiƙaƙƙe a fili. Ka tsamo ka goge ruwan saman jikinsa da tsumman auduga mai ɗan danshi wanda aka matse, ka auna nan take. Mai danshi fa nace. Busasshen tsumma ko tishu zai tsotse ruwan cikin kafofin ne, na sha ganin ɗalibai suna wannan da kyakkyawar niyya suna ganin tsafta suke yi. Wannan J.

Toh ga lissafin, zan sa lambobi na misali dan ka gani. A ce B giram 200, J giram 230, R giram 120. Girman bulon daga waje shine J a cire R, wato 110, kuma tunda giram ɗaya na ruwa kusan santimita kubik ɗaya ne, girman 110 kenan. Ruwan da ya shiga kafofi J a cire B, 30. Forositi 30 a raba da 110 a ninka da ɗari, kashi 27.3. Densitin dunƙule 200 a raba da 110, ya bada 1.82. Shan ruwa kuma 30 a raba da 200, kashi 15. Ka lura da wannan da kyau, shan ruwa daban forositi daban, ɗaya da nauyi ake rabawa ɗaya da girma, kuma sau da yawa ina ganin an rubuta ɗaya a gurbin ɗaya a cikin furojek. Ka koma ka duba naka ma ko hakan ta faru. In kana son densitin da ya cire buɗaɗɗun kafofi, B a raba da B a cire R, 200 bisa 80, wato 2.5. A littattafanku zaka ga harufan D da W da S, su ne dai B da J da R ɗin nan.

Saura toshassun kafofi waɗanda ruwa baya kaiwa ko shekara za'a yi ana tafasawa. Su sai an daka bulon ya zama gari lukui an fasa su, a auna densitin garin da 'yar kwalbar nan ta fiknomita. A ce garin ya bada 2.65, wanda shine densitin farin yashi na kwaz, sai ka raba 1.82 da 2.65 ka cire daga ɗaya ka ninka da ɗari, ya baka jimillar kafofi kashi 31.3. Ka cire 27.3 na buɗaɗɗu, saura kusan kashi 4 a toshe.

Ka rubuta zafin ruwan ranar, dan a digiri 20 densitin ruwa 0.998 ne, a digiri 30 irin na ɗakunanmu kuma wajen 0.996, bambancin kaɗan ne amma mai duba aiki yana son ganin ka sani. Kuma kar ka auna gutsure ɗaya ka tsaya, ɗauki kamar biyar daga wurare daban daban na murhun, na kusa da wuta da na gefe ba zasu zo ɗaya ba, wannan bambancin kansa sakamako ne da ya cancanci shiga rahotonka.

In kuma zaka auna ɗanyen tubali wanda ba'a gasa ba, kar ka kai shi kusa da ruwa, narkewa zai yi ya koma taɓo. Kananzir ake amfani da shi, a jiƙa ba tare da wuta ba, kar wani ya ce zai tafasa kananzir dan Allah. Forositi lissafinsa baya canzawa, amma wajen girma sai ka raba da densitin kananzir ɗin, wajen 0.8 yake, ka auna naka da kanka. Ko kuma a lulluɓe dunƙulen da narkakken kyandir a auna a ruwa sannan a cire girman kyandir ɗin, haka masu nazarin ƙasar noma suke yi da hoge.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne ina ginin gidan da zan zauna da iyali. Masu buga bulo kowa yace nasa ne mai kyau. Akwai yadda zan gwada a gida ba sai naje jami'a ba? Daga Gusau.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Akwai, kuma abun da kake buƙata sikeli ne mai kyau da baho. Karɓi bulo uku uku daga kowane mai bugawa, kai zaka zaɓa da hannunka daga tsakiyar jeri ba wanda aka miƙo maka ba. Ka shanya su a rana kwana uku ko huɗu, ka auna, ka nutsar a baho awa 24, ka tsamo ka barsu su tsane minti ɗaya ko biyu ka goge ka sake aunawa. In bulo ya tashi daga kilo 20 zuwa 22 ya sha kashi 10 kenan na nauyinsa. Rana bata busarwa kamar obin dan haka lambar ba irin ta lab bace, amma tunda duk hanya ɗaya ka bi musu, zata nuna maka wanda ya fi wani. Ka duba ruwan bahon ma, in kaga yashi ya kwanta a ƙasa ko gefen bulon yana marmashewa a hannu toh simintin bai ji ba, ko kuma ba'a bashi ruwa yadda ya kamata ba bayan bugawa.

Bulo mai yawan shan ruwa shi ne yake jawo laima daga ƙasa ta hau bango, fenti ya dinga ɓarewa, farin gishiri gishiri ya fito a gindin gini. Amma Alhaji kar a ɗauki wannan gwajin a matsayin gwajin ƙarfi, ƙarfi sai an sa bulon a injin matsa an danne shi har ya fashe. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya tana da ƙa'idar bulon siminti mai lamba NIS 87, kuma sashen injiniyan gine gine na jami'a ko foliteknik suna da wannan injin. In bene zaka ɗora, kuɗin gwajin nan bai kai komai ba akan abun da ake gudu.

TAMBAYA: Malam me yasa ruwan randa yake sanyi amma na bokitin roba baya yi? Kuma randata tana tsattsafo ta gindi, yarana sunce in shafe ta da siminti ko fenti. Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya kar ki bari a shafe jikinta duka, tsattsafon nan shine sanyin. Jikin randa cike yake da buɗaɗɗun kafofi, ruwa yana bi ta ciki a hankali ya fito waje, iska ta kwashe shi, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Giram ɗaya kacal in ya bushe yana iya sauke zafin fiye da rabin lita da digiri ɗaya. Roba bata da kafa ko ɗaya shi yasa. Kin lura randa ta fi sanyi da bazara da hunturu akan tsakiyar damina? Busasshiyar iska ce ta fi kwasar danshi. Tsohuwar randa kuma in ta daina sanyi yawanci kafofin ne suka toshe da datti da gansakuka, a wanke ta da soso sosai a shanya. In ɗiga take yi ta wuri ɗaya har tana tara ruwa a ƙasa wannan tsaguwa ce, wurin kaɗai za'a liƙe.

Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani dan adana tumatir da ganye a ƙauyukan da babu lantarki, har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Kishiyar randa kuma shine tayil ɗin fosilin, wanda ƙa'ida tace shan ruwansa kar ya wuce kashi 0.5, shi gasa shi ake yi da wuta mai tsanani har kafofin su rufe.

TAMBAYA: Ina karatun digiri na biyu akan duwatsun da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Duk takardun da nake karantawa da injin hiliyam ko na zaiba suke awo, mu kuma babu su a sashenmu. Aikina zai karɓu kuwa da awon ruwa kawai? Daga wata ɗaliba a Maiduguri.

AMSA: 'Yar uwa zai karɓu, in dai tambayar da kike son amsawa ita ce nawa ne buɗaɗɗun kafofin. Injin hiliyam ɗaki biyu ne a ciki da aka san girmansu, a sa dutsen a ɗaya, a cika ɗayan da iskar a auna matsinta, a buɗe tsakaninsu a sake aunawa, sai a fitar da girman zallar dutsen da dokar Boyil ta 1662, wadda tace in wurin da iska take ya ƙaru matsinta raguwa yake. Hiliyam ƙanana ne ƙwayoyinsa, yana kutsawa inda ruwa baya kaiwa, baya jiƙa dutse baya ɓata shi, shi yasa masu haƙar mai suke ji da shi. Amma shi ma toshassun kafofi baya shigarsu, kuma sai kin nemo girman waje ta wata hanyar.

Na zaiba wata tambayar yake amsawa, wato faɗin kafofin. Zaiba bata shiga rami da kanta sai an tura ta, kuma iya ƙanƙantar rami iya ƙarfin da ake buƙata, wannan alaƙar wani masani mai suna Washbon ne ya rubuta ta a 1921, injinan yanzu matsinsu yana kaiwa wajen megafaskal 400. Sai dai wuyan ramin take aunawa ba cikinsa ba, kamar tulu ne mai ƙaramin baki da faffaɗan ciki, injin zai lissafa duk cikin tulun a matsayin rami mai faɗin bakin. Ga shi zaiba guba ce, dutsen da aka yiwa wannan awon ya tashi daga aiki.

Abun da nafi so ki riƙe a fanninki shine yawan kafofi daban, wucewar ruwa daban. Laka takan fi yashi yawan kafofi amma ruwa baya ratsa ta saboda ƙanana ne ƙwarai, shi yasa take zama murfi a saman yashin da ke riƙe ruwa a yankinku na tafkin Chadi, alhali a mafi yawan ƙasar Kano dutsen ƙasan kusan bashi da kafofi, ruwan rijiyar burtsatse a tsaguwa da ruɓaɓɓen saman dutsen ake samunsa. Dan haka ki haɗa da gwajin wucewar ruwa in da hali. Samfuran da suke marmashewa ko masu laka a ciki kar ki tafasa su, ki bi hanyar zuƙe iska ko kananzir, kuma a rahoton ki rubuta zafin obin, awa nawa aka jiƙa, wane ruwa, da sau nawa kika maimaita. In kin samu wata jami'ar mai injin hiliyam, samfur biyar ko shida kawai zaki aika a gwada dan a kwatanta da naki, ki aika su kafin ki jiƙa su, a bushe, kowanne a ledarsa da lambarsa.